Tashar wutar da ake yi wa Kano alkawari: kada ta sha ruwan da mu ba mu samu ba

Duk wanda yake Arewa a ƙarshen watan Oktoba na 2024 ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan amfanin tashar wuta a kusa da gida. Layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa, sai kuma wanda ke hawowa daga Ugwuaji ta Makurɗi ya faɗi, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda suka zauna, asibitoci suka koma kan dizal. Tun daga lokacin, maganar da ake ji a majalisu ita ce: har yaushe za mu riƙa jiran wutar da sai ta ƙetaro dazuzzuka kafin ta iso mu? Ina tare da masu wannan magana ɗari bisa ɗari.

Amsar da gwamnati ta daɗe tana bayarwa ita ce bututun gas na AKK, mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yuni, 2020. Tare da shi kamfanin NNPC ya yi alkawarin manyan tashoshi uku: megawat 1,350 a Abuja, 900 a Kaduna, 1,350 a Kano. Ta Abuja an aza harsashinta a Gwagwalada a watan Agustan 2023. Wa'adin kammala bututun ya sha ɗagawa, amma ko ba daɗe ko ba jima gas zai iso, kuma ranar da ya iso gaggawa za a shiga, kowa na son a ce a zamaninsa aka kunna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa nake son mu yi wata magana yanzu, wadda ba a yin ta a taron aza harsashi: zafin da tashar za ta fitar, ina za a kai shi, da wane ruwa, a kan wane fili, kuma su wa za su riƙa kwana a maƙwabtaka da shi?

Ra'ayina a fili yake. Babbar tasha a gefen Kano ko Kaduna kada a yarda ta dogara da ruwan sha ko ruwan noma wajen sanyaya injinanta. A sanyaya ta da iska, a biya tsadar hakan, a ba ta filin da zai ishe ta, a kuma hana kowa matsowa jikinta har abada.

Tashar da ke ƙona gas ko mai ko kwal ba ta iya mayar da duk zafin da ta samu ya zama wuta. Injin gas shi kaɗai, irin na Geregu da Omotosho da Azura ta jihar Edo, abin da yake tatsa bai wuce kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin gas ɗin ba, sauran ya bi bututun hayaƙi da zafin da ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. Irin wannan tasha ba ta da ƙishi sosai, amma almubazzara ce. Domin rage asarar ne ake tare hayaƙin a tafasa ruwa da shi, tururin ya juya wani inji na biyu, kamar yadda ake yi a Okpai da Afam VI. Da haka sai a kai kashi 55 zuwa 60, wato gas ɗin da zai ba ka megawat biyu ya ba ka uku. Babu hikima a janyo gas daga nisan kilomita ɗari shida sannan a watsar da kusan kashi biyu cikin uku a sama. To amma tururin nan, bayan ya gama aikinsa, dole a sanyaya shi ya koma ruwa kafin a sake tura shi tukunya, kuma iya sanyin da aka samu a wannan gaɓa, iya ƙarfin da injin zai bayar. A nan gizo ke saƙar.

Tashar Egbin da ke Ikorodu, mai megawat 1,320, ba ta da wannan damuwa. Tana bakin tafkin Legas, ta zuƙo ruwa ta sanyaya tururinta ta mayar da shi da ɗan ɗumi. Kano ba ta da irin wannan gata. Kogin Challawa da na Kano, idan rani ya yi, abin da madatsu suka sako ne kawai ke gudana a cikinsu. Saura hanya biyu: hasumiyar da ke sanyaya ruwa ta hanyar busar da wani sashe nasa, ko kuma sanyayawa da iska zalla.

Hasumiyar sanyaya ruwa dabararta ɗaya da ta randar ƙasa. Randa tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, abin da ya bushe ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. A tasha, famfuna ke hawar da ruwan ɗumi sama, a fesa shi a kan wasu fallayen roba masu gurbi-gurbi da aka jera a tsaye dab da juna, ya riƙa gangarowa siriri-siriri, manyan fankoki a sama suna zuƙo iska daga ƙasa tana ratsa shi. Wanda ya tsaya a gindinta ba ya jin maganar na kusa da shi saboda ƙarar zubar ruwa, iska kuma tana jan rigarsa zuwa ciki. Ruwan da ya sauka a kwarmin da ke ƙasa ya huce da digiri goma ko makamancin haka, a sake mayar da shi aiki. Farin abin da ake hangowa yana tashi daga samanta ba hayaƙi ba ne. Ruwa ne ke tafiya, kuma ba ya dawowa.

Duk injiniyan da ka ba lissafin yanayin Kano, hasumiya zai fara nuna maka, kuma yana da hujja. Hasumiya ba da zafin rana take faɗa ba, da laimar iska take faɗa. Iskarmu daga Nuwamba zuwa Afrilu busasshiya ce ƙayau, saboda haka ko ma'auni ya nuna digiri 40, hasumiya tana iya sauko da ruwa ƙasa da digiri 30 ba tare da wahala ba. Ta fi arha wajen gini, ta fi cin ƙaramin fili, ta fi ba da wuta. A takarda babu abin kushewa.

Sai dai a zo ga lissafin ruwan. Ƙiyasin da masu bincike a Amurka suka tattara daga tashoshin gas masu injin tururi da hasumiya ya nuna suna shanye kimanin lita 750 kan kowane megawat guda da suka bayar na awa ɗaya. Ɗauki wannan ka ninka da megawat 1,350, ka ninka da awa 24, za ka samu lita miliyan 24 da ɗoriya a rana idan tashar tana aiki da cikakken ƙarfi, kuma wannan lissafin ƙasa mai sanyi ne, namu zai fi haka. Sabuwar matatar ruwa ta Tamburawa an gina ta ne don lita miliyan 150 a rana, ta Watari lita miliyan 75. Ke nan tasha ɗaya za ta tura kusan sulusin Watari sama kullum. Idan aka bi mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ganin ya wadaci mutum, lita 50 a rana, ruwan mutum kusan rabin miliyan ke nan. Wanda kuma ya fi gane lissafin jarka: jarka mai lita 25 kusan miliyan ɗaya, kura mai jarka 12 sama da 80,000. Ka tuna ɗan garuwan da ke tura kura ɗaya a hawan unguwa da azahar a watan Afrilu, ƙirjinsa a jikin ƙarfe, silifas ɗinsa na zamewa, matan gida uku na jiransa, kowace ta riga ta biya.

Wani zai ce ai ba daga famfo za a ɗiba ba, daga dam ne, kuma Tiga da Challawa cike suke da ruwa. Gaskiya ne idan aka auna da abin da Tiga ke riƙewa, lita miliyan 24 ba wani abu ba ne. Amma ruwan nan ba maras mai shi ba ne. Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ita ke ba Tamburawa. Madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, ita ke riƙe da matatun da ke Panshekara. Abin da ya rage shi ke gangarawa Wudil da Ringim da Haɗeja, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka shafe shekaru suna kokawa kan yadda madatsun nan biyu suka sauya musu ambaliyar da suka dogara da ita. Kuma tasha ba ta san fari ba. A shekarar da damina ta yi gardama, watan da manomin tumatir ya fi bukatar ruwa, shi ne watan da gari ya fi bukatarsa, shi ne kuma watan da hasumiya ta fi sha. Ranar nan wa za a rufe wa? A jihar Maharashtra ta Indiya an ga amsar: a watan Fabrairun 2013 aka kashe tashar Parli, mai megawat 1,130, saboda dam ɗin da take sha ya ƙafe. Aka rasa ruwan, aka rasa wutar. A wurinmu ina tsoron akasin haka ne zai faru, a bar tasha tana sha saboda akwai yarjejeniya da bashin banki a kanta, talakan da ba shi da takarda ya haƙura.

Sannan ga maganar fili, wadda ita ce ta fi damuna, domin ita ce ba a gyarawa bayan an yi. Kowa na son tasha kusa da gari, kusa da masana'antu, kusa da inda manyan layuka suka haɗu, kuma nan ne fili ya fi ƙaranci. Waɗannan dogayen hasumiyoyin kankare masu siririn ƙugu da ake gani a hotunan Turai ba sa bukatar fanka, iska mai ɗumi ce ke hawa da kanta. Amma tsawonsu kan haura mita 100, faɗin gindinsu ma kusan haka, kuma a ƙasa mai zafi jan iskarsu kan yi rauni, sai an ƙara musu tsawo. A garin da filin jirgin Malam Aminu Kano ke tsakiyarsa, wannan kaɗai matsala ce. Cunkusa su wuri ɗaya kuma yana da tarihi. Ranar 1 ga Nuwamba, 1965, a tashar Ferrybridge da ke Ingila, uku daga cikin hasumiyoyi takwas, kowace mai tsawon mita 114, suka rushe cikin iska mai ƙarfi. Bincike ya nuna an raina ƙarfin iskar a lissafi, kuma an yi gwajin ne kamar hasumiya ɗaya ce tsaye ita kaɗai, alhali an jera su kusa da juna, iska ta matse ta tsakanin na gaba ta faɗa wa na baya. Waɗanda suka faɗi na bayan ne.

Gajerun masu fanka su ake kaiwa cikin gari, kuma su ma ba sa son matsi. Idan aka manna su da bango ko da dogon gini, ko aka jera layi biyu dab da juna, iska mai ɗumi da laima da ta fita ta sama sai ta juyo ta sake shiga ta ƙasa, hasumiya ta riƙa shaƙar numfashinta, sanyi ya ragu, wuta ta ragu, har ƙarshen rayuwar tashar. Maganin shi ne tazara, da kuma jera su layinsu ya bi hanyar da iska ke bi. A nan Allah Ya yi mana sauƙi, domin manyan iskokinmu biyu kan layi ɗaya suke: ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma. Amma wannan layin shi ne kuma abin tsoro. Bompai tana arewa maso gabashin birni, Sharaɗa da Challawa suna kudu maso yamma. Duk abin da ya tashi daga Bompai da hunturu cikin gari zai nufa, duk abin da ya tashi daga Challawa da damina cikin gari zai nufa.

Me ke tashi? Ban da tururi, akwai ɗan feshi, ƙananan ɗigon ruwan da iska ke fizga ta fita da su. Ana sa wasu fallaye a sama masu tare su, kuma masu kyau suna tare kusan duka, muddin ba su karye ba, ba su goce ba. A cikin wannan feshi ne ƙwayar cutar lijiyonela ke tafiya, mai haddasa ciwon huhu mai tsanani, wadda ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, musamman inda akwai laka da gansakuka. Daga ƙarshen 2003 zuwa farkon 2004, a yankin Lens da ke arewacin Faransa, hasumiyar wata masana'antar sinadarai ta garin Harnes ta sa mutum 86 suka kamu, 18 suka rasu, kuma an samu waɗanda suka kamu a nisan kilomita shida daga wurin. A 2015, a unguwar Bronx ta birnin Niyok, hasumiyar da ke kan rufin wani otel ta sa mutum 138 suka kamu, 16 suka rasu, har birnin ya yi dokar da ta tilasta yi wa kowace hasumiya rajista da gwajin ruwanta a kai a kai. Waɗannan ƙasashe ne masu dakunan gwaji da masu bin diddigin cuta gida-gida. Ka ɗauki da'ira mai kilomita shida daga tsakiya zuwa baki ka ɗora a kan Sharaɗa ka ga unguwa nawa ta rufe. Mu da mai tari da zazzaɓi kan fara da kemis, wa zai gano cewa dattawan da suka rasu a layi ɗaya cikin wata ɗaya iska ɗaya suka shaƙa?

Ba ina cewa hasumiya ba ta tsaftatuwa ba ne. Ana zuba kulorin, ana wanke kwarmi, ana auna ruwa, kuma dubban hasumiyoyi na aiki a duniya lafiya lau. Amma aiki ne na kullum, wanda ba ya yafe sakaci, kuma yanayinmu yana ƙara masa nauyi ta fuska biyu. Ta farko ƙura. Hasumiya wanke iska take yi, duk hazon hunturun da ya ratsa ta a cikin ruwanta yake zama, ya koma laka a kwarmi, ya toshe fallayen roba. Ta biyu yawan tsayawa. Duk lokacin da babban layin wuta na ƙasa ya faɗi, ko gas ya yanke, tasha ta tsaya, ruwa mai ɗumi ya kwanta, kuma lokacin da aka sake tayar da fankoki bayan irin wannan kwanciya shi ne mafi haɗari. Ga kuma ƙanzo: tun da ruwa zalla ne ke bushewa, gishirin da ke cikinsa yana nan yana taruwa, dole a riƙa zubar da wani kaso a kawo sabo. Wannan ruwan gishiri da magani, ina zai bi? Kogin Challawa ya riga ya ƙoshi da abin da masana'antun fata ke sako masa.

Hanya ta biyu, wato sanyayawa da iska zalla, ba sabuwa ba ce, kuma a nahiyarmu ma an ƙware a kanta. Afirka ta Kudu, da kwal ɗinta yake inda ruwa ya yi ƙaranci, ta gina tashar Matimba a Lephalale tun ƙarshen shekarun 1980, injina shida masu megawat 665 kowanne, kuma ba hasumiyar ruwa ke sanyaya tururinsu ba. Tururi yana bi ta cikin wani katafaren lagireto da aka ɗora kan ginshiƙai masu tsawon mita 45, fankoki 288 masu faɗin kimanin mita tara suna hura masa iska daga ƙasa. Ruwan da irin wannan tasha ke sha bai kai kashi ɗaya cikin goma na mai hasumiya ba. Masar ta buɗe tashar gas mai megawat 4,800 a sabon babban birninta da ke hamada a gabashin Alƙahira a 2018, da iska ake sanyaya ta. Maroko ta fara tashar Noor ta farko, mai aiki da zafin rana, a Warzazat da ruwa, da ta zo gina ta biyu da ta uku sai ta koma iska. Game da matsin gari kuwa, tashar Astoria da ta fara aiki a 2006 a unguwar Queens ta Niyok tana bakin ruwa, a ƙuntataccen fili, amma da iska take sanyaya tururinta. Wanda ya ce ba a yi a ƙasa mai zafi, ko ba a yi a cikin gari, bai duba ba.

Amma ba zan ɓoye tsadarta ba, domin masu adawa da ita a nan suke da ƙarfi. Kuɗin gininta ya fi ninki biyu na hasumiya. Fankokinta na cin wuta. Ta fi cin fili, kuma dole ta zauna jikin injin tururi, saboda bututun da ke kai mata tururin ƙato ne ƙwarai, ba a jan sa da nisa. Ita ma iska mai ƙarfi na dagula ta, Matimba ta sha fama da hakan, har sai da aka yi mata gyare-gyare. Ƙurar hunturu za ta riƙa liƙe wa fikafikan bututanta, sai an riƙa wankewa. Ƙarar fankoki da dare ba ƙaramar fitina ba ce ga maƙwabta, sai an sayi masu faffaɗan fikafikai da ke juyawa a hankali, su kuma sun fi tsada. Mafi girma duka, ita da zafin rana take faɗa kai tsaye. Ranar da ma'auni ya kai 42 a Kano, ranar da kowa ke neman fanka da firji, ranar ce ƙarfinta ke raguwa.

Duk da haka na tsaya a kanta, kuma ga dalili. A tashar gas mai inji biyu, injin tururi sulusin wutar kawai yake bayarwa. Ko da ya rasa kashi goma cikin ɗari a rana mafi zafi, asarar tashar gaba ɗaya kashi uku ne da ɗan wani abu, na 'yan awanni, a 'yan watanni. Asarar da kamfanonin rarraba wuta na ƙasar nan ke bayar da rahotonta, ta waya da ta sata da ta rashin biya, ta haura kashi 30. Ƙasar da ke zubar da talatin ba ta da hujjar shanye ruwan gari don ceto uku. Tsadar gini kuwa sau ɗaya ake biyan ta, a raba ta kan shekara 25 ko 30. Ruwa kullum ake biyan sa, kuma ba mai tashar ke biya ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Babbar asarar zafi ba a injin tururi take ba, a injin gas ɗin kansa take. Ƙarfin da ake rubuta wa waɗannan injina an auna shi ne a iska mai digiri 15. A digiri 40 iska ta yi sakayau, injin ba ya samun abin da zai haɗiya, yana iya rasa kashi 15 ko fiye. Idan aka ratsa iskar da zai shaƙa ta cikin wani jiƙaƙƙen falle mai kama da soso kafin ta shiga, a busasshen yanayi irin na Maris da Afrilu tana iya hucewa da digiri goma ko fiye, kuma ruwan da wannan ke ci kaɗan ne idan aka gwada da hasumiya. Idan har za a kashe ruwa a tashar Kano, a nan ya kamata a kashe shi, da kuma ɗan feshin taimako ga lagireton a tsakiyar ranakun bazara. Ruwa kaɗan, a inda ya fi amfani, a watannin da ake bukata.

Wannan kaɗan ɗin ma ba dole ne ya fito daga Tiga ba. A birnin Delhi, tashar Pragati mai megawat 330, wadda ta fara aiki a 2002 a tsakiyar gari bakin kogin Yamuna, da tataccen ruwan kwatami take aiki. A 2016 Indiya ta mayar da abin ƙa'ida: duk tashar da ke cikin kilomita 50 daga matatar ƙazamin ruwa ta gari, da shi za ta yi amfani. Ina son wannan tunani ƙwarai, domin yana sa mai tasha ya zama mai son a tace ruwan gari. Sai dai kada mu yaudari kanmu. Kano ba ta da magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa da ta haɗe gari, yawancin gidaje shadda ce da sokawe. Abin da ke bin Jakara da Getsi da Salanta ya haɗa da ruwan masana'antu, na fata kuma akwai sinadarin kuromiyam a cikinsa, wanda bai kamata a fesa shi sama kan mutane ba ko kaɗan. Shi kansa ruwan Jakara yana da masu shi, masu lambun da ke noman latas da alayyahu a gefensa. Saboda haka ruwan kwatami zai iya ɗaukar ƙaramar bukata idan aka gina masa matata ta gaske, amma ba zai ɗauki lita miliyan 24 ba, kuma duk wanda ya yi alkawarin haka don a bar shi ya gina hasumiya, ƙarshenta bututu zai ja zuwa kogi.

'Yan'uwanmu na Nijar ma su sa ido, domin tashar kwal da aka daɗe ana shirin ginawa a Salkadamna cikin jihar Tawa, idan da hasumiya aka yi ta, abin da za ta sha kan kowane megawat ya ninka na gas sau uku.

Mu dawo ga fili. Matsin da ake kuka da shi, sau da yawa mu ke ƙirƙirar sa. Ana kafa abu a bayan gari, shekara goma gari ya cim masa. Mun ga yadda kududdufai suka zama fulotai, yadda shaguna suka tsiro a ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, yadda awon igiya ke cinye duk wata tazara da aka bari. Tashar da ake sanyayawa da iska tana rayuwa ne da sararin da ke kewaye da ita. Idan aka bar benaye suka taso a gefen da iska ke shigowa, an rage mata ƙarfi ba tare da an taɓa ta ba, su kuma mazauna benayen su kwana cikin ƙara. Don haka filin da za a ware ba na ginin kaɗai ba ne, har da faffaɗan zagaye da za a katange, a dasa masa itatuwa a can bakin iyaka su rage ƙura, a biya masu gonakin diyya ta mutunci tun farko don kada 'ya'yansu su dawo su yanka shi. Idan babu irin wannan fili a Challawa ko Sharaɗa, a matsa gaba kilomita 20 ko 30 ta hanyar da bututun ya biyo. Jan waya na wannan nisa abu ne mai sauƙi. Tashar da aka gina da hasumiya a matsattsen wuri kuwa, ranar da ruwa ya gagara babu inda za a ɗora lagireto, sai dai a kashe ta ko a ci gaba da shan ruwan mutane.

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoton irin wannan aiki jama'a su gani, kuma al'adar ma'aikatar muhalli ita ce kwana 21 na aiki. Yawanci rahoton kan zauna a ofishin ƙaramar hukuma har wa'adin ya cika ba wanda ya buɗe. A wannan karo ya kamata malaman injiniya na Jami'ar Bayero da ta Wudil, da ƙungiyoyin manoman rani, da masu unguwannin da abin zai shafa, su je su buɗe shafin da ya yi maganar sanyayawa, su nemi lamba: lita nawa a rana a watan Afrilu, daga ina, ruwan gishirin ina za shi, mita nawa tsakanin fankoki da gida mafi kusa, kuma a shekarar fari wa ke da fifiko.

Lasisin tasha irin wannan a Abuja ake bayar da shi, madatsun Tiga da Challawa kuma suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya. Amma ƙasa, bisa dokar filaye ta 1978, a hannun gwamna take. Wannan ita ce damar jiha, kuma sau ɗaya take zuwa. Kafin gwamnan Kano ko na Kaduna ya sa hannu a takardar mallakar filin tasha, a rubuta a jikinta iyakar ruwan da aka yarda a sha kan kowane megawat, kamar yadda Indiya ta ƙayyade wa tashoshinta tun Disamban 2015, a rubuta faɗin zagayen da ba za a taɓa yankawa ba, majalisar dokoki kuma ta mara masa baya da dokar yi wa kowace hasumiyar sanyaya ruwa rajista da gwaji, har da waɗanda ke masana'antu da otel-otel a yau.